Harsashi Biyar na Inna Verlie

Mu nan gundumar Robeson, in namiji zai saya wa mace bindiga, hannunta yake kallo, ba ya tambayar bakinta. Da ya ga hannu ƙarami sai ya ce a ɗauko masa ƙarama, mara nauyi, wadda za ta shige jaka kusa da jan baki. Haka kakanni suka yi, haka iyaye, kuma duk cikinsu da wuya ka sami wanda ya taɓa tsayawa ya harba abin da ya saya ɗin ya ji yadda yake. Wai bindigar mata ce, namiji ba ya taɓa ta. Wannan shirmen ne ya kusa raba Renetta Chavis da aikinta.

Renetta shekararta ashirin da biyu, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. Tsofaffi huɗu gare ta, kowanne a ƙarshen wata hanyar ƙasa da ko mai kai wasiƙa sai ya yi tsaki kafin ya shiga. Ta yi musu wanka, ta jera musu magani, ta yanke musu farce, ta zauna ta saurari labarin da ta riga ta ji sau goma. Tana son aikin nan so na gaske, ba na rashin wani ba. A cikinsu wadda ta fi shiga ranta ita ce Mama Ardell, mai shekara tamanin da shida, wadda ke zaune ita kaɗai can bayan fadama, ba ɗa ba jika kusa.

A hanyar gidan Mama Ardell ɗin ne abin ya faru, wata Talata da rana tsaka. Wani mutum ya gindaya motarsa ya tare hanya, ya sauko yana murmushi, ya kama mariƙin ƙofar motarta yana cewa ta sauke gilashi su gaisa. Ba ta san shi ba. Ta sa ribas, ta yi baya kusan rabin mil a kan yashi. 'Yan sanda sun rubuta, sun duba, ba a ga mutumin ba.

Kawu Harlis ne ya riƙe ta tun tana shekara shida, shi da matarsa Inna Verlie, wadda ta rasu bara waccan. Da ya ji labarin bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Kawai kullum da safe sai ya rufe shagonsa na tayoyi a Pembroke, ya bi bayan motarta har ƙofar kowane gida, ya zauna a waje yana karanta jarida kamar ɗan gadi. Mako biyu ana haka, masu kawo taya suna zuwa suna tarar da kwaɗo a ƙofa. Ran nan a teburin abinci ya ture kwanon kaza ya ce shi kam ba zai iya ci gaba ba, ita ma ba za ta ci gaba da bin daji hannu rabbana ba. Ko dai ta ci jarrabawar harbi ta neman takardar izinin ɗaukar bindiga a ɓoye kafin ƙarshen wata, ko kuma ta sallami tsofaffin ta dawo shago ta zauna bayan kanta tana amsa waya.

Ta ce ta yarda, don ta san ba wasa yake yi ba. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ɗan ƙunshi na tsumma ya ajiye gabanta a hankali. Libarba ce 'yar ƙil, mai cin harsashi biyar, bakinta bai kai tsawon yatsa ba, ƙotarta fara sol mai sheƙi. Nauyinta bai fi na kofin shayi ba. Kusa da ita ya ajiye tsohon kwalin harsashi da launinsa ya koɗe.

"Ta Innarki ce," in ji shi. "Ni na saya mata. Shekara goma sha tara tana jakarta, ko coci ba ta zuwa babu ita."

Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana gyara murya. To wa zai ce a'a a nan? Renetta ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

Ranar Asabar ta tafi aji. Mista Purnell ne ke koyarwa a bayan shagonsa na bindigogi, tsohon ɗan sanda mai tumbi da gashin baki, wanda ke kiran kowace mace 'yan mata ko da ta haife shi. Aka yini ana karanta doka: inda za ka shiga da bindiga, inda ba za ka shiga ba, abin da za ka faɗa in ɗan sanda ya tsayar da kai, da lokacin da ko taɓa ta bai halatta ba. Renetta ta ci rubutun tas, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Da yamma aka fita filin harbi. Harsashi talatin, goma daga yadi uku, goma daga biyar, goma daga bakwai, kuma sai ashirin da ɗaya sun shiga cikin hoton mutumin da ke jikin takarda kafin a ce ka ci.

Da ta buɗe kwalin Inna Verlie ta ga wani abu da ya ɗan tsaya mata a rai. Kwali ne na hamsin, kuma ramuka biyar ne kacal babu komai ciki. Ba ta sami lokacin tunani ba, aka ce a sa abin toshe kunne.

Kai, wannan 'yar aba muguwa ce! Kunamarta tauri kamar tsohon famfo, sai Renetta ta matse da dukan ƙarfinta, kafin ta tashi bakin ya riga ya karkace. Da ta tashi kuwa sai ta yi mata wani shuri a tafin hannu har cikin gwiwar hannu. Ƙotar mai sheƙin nan tana zamewa, ƙaramin yatsanta yana lilo a iska don babu inda zai kama. Kafin harsashi na goma fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta tsage. Daga nan kuma jikinta ya fara tsoron abin da ke hannunta, idonta na rufewa da kansa kafin ƙara. Mista Purnell ya ciro takardar ya ƙirga ramuka da bayan biro. Goma sha uku.

Ya ce kada ta damu, 'yan mata da yawa haka suke fara wa, akwai wani zagayen Asabar ta ƙarshen wata. Kawu Harlis da ke jingine da motarsa ya kalli hannun, ya kalli takardar, ya ce a hankali, ba kowa aka yi don wannan abu ba, kuma zaman shago ba abin kunya ba ne. Tausayi ne fal a muryarsa, kuma tausayin ne ya fi ƙona mata rai. Ta shige mota ta bugo ƙofa.

Ranar Litinin tana taje wa Mama Ardell kai, tsohuwar ta cafko hannunta mai filasta ta juya shi gaba da baya. Renetta ta ba ta labari duka, har da maganar shago, tana cewa in ta sake faɗuwa wata ce za ta riƙa zuwa, ko kuma babu kowa. Mama Ardell ta tambaya wace bindiga ce. Da ta ji, sai ta kama dariya har da tari, sai da aka ba ta ruwa.

Ashe ita da Inna Verlie benci ɗaya suke zama a coci shekara da shekaru. Ta ce tana tuna ranar da Harlis ya kawo abar nan, ranar zagayowar haihuwar Verlie, yana ta washe baki. Suka zagaya bayan rumbun taba, ya kafa mata gwangwani, ta harba biyar ɗin da ke ciki, ko ɗaya bai taɓa gwangwanin ba. Mako guda hannunta na kumbure, ko kwaɓin fulawa ba ta iya murzawa.

"Ba ta faɗa masa ba?" in ji Renetta.

"Ta faɗa, sau ɗaya. Ya ce za ta saba. Daga nan ta jefa ta jaka, ba ta ƙara ba. Ni ta gaya wa cewa in wani ya tare ta, da jakar za ta maka masa a ka, ya fi mata tabbas."

Ta ce Verlie mace ce da ba ta son ɓata wa miji rai, gara ta ɗauki kaya shekara goma sha tara da ta ce kyautarsa ba ta yi ba. Sai ta saki hannun Renetta, ta ce ita kam ba ta ga alamar wannan haƙurin a fuskar 'yar Verlie ba, kuma ta gode wa Allah.

Renetta ta leƙa ta taga. Ga Kawu can cikin mota, jarida a fuska. Wani abu ya taso mata, rabi fushi rabi kewar Innarta. Ramuka biyar ɗin nan na cikin kwali yanzu ta san ma'anarsu.

Laraba da hantsi ta ce masa shagon Mista Purnell za ta, in zai biyo ta ya biyo. Ya biyo. Suna shiga Mista Purnell ya wuce ta da ido ya miƙa wa Kawu hannu, ya tambaye shi me za a nuna wa 'yan mata yau. Kafin Kawu ya buɗe baki har ya zaro wata 'yar ƙarama ruwan hoda daga cikin gilashi, yana cewa wannan ita mata ke rububi, ba nauyi, kuma dubi kyau.

Renetta ta ɗora hannunta mai filasta a kan gilashin.

"Mista Purnell, ni zan ɗauka, ni zan harba, ni zan biya. Ni za ka kalla."

Har wani mai duba takalman farauta ya ɗago kai. Ta ce ta ga an rubuta a ƙofa ana ba da hayar bindiga a filin baya. Tana son duk wadda ake iya ɓoyewa a jiki a jera mata, daga ƙarama har babba, za ta harba kowacce da hannunta. Mista Purnell ya kalli Kawu yana neman agaji. Kawu ya sosa ƙeya ya ce tun tana 'yar shekara shida haka take, ko takalmi ba a zaɓa mata.

Shida aka jera mata. Ta fara da mai ruwan hodan don kada a ce ta raina, ita ma shuri ta yi mata, kusan irin na libarbar. Ta ajiye. Ta biyu ƙotarta ta yi mata kauri, yatsanta ba ya kai kunama sai ta karkata hannu. Ta uku ta kasa jan marfinta na sama baya don shigar da harsashi, Mista Purnell har ya fara cewa shi ya sa ake ba mata libarba, ba su da ƙarfin yatsu. Ta ce masa ita da ke ɗaga ƙaton tsoho daga baho kullum ba ƙarfi ta rasa ba, ya nuna mata yadda ake yi kawai. To a nan dai mutumin ya tuna shi malami ne. Ya nuna mata ta dafe marfin da tafin hannu duka, ta ture ƙotar gaba da ɗaya hannun, maimakon ta tsaya tana ja da yatsu biyu. Ƙaras, ya tafi.

Ta huɗu ce ta zauna. Baƙa ce, ba ado ko kaɗan, matsakaiciya, kuma ta fi libarbar nauyi sosai. Da Renetta ta riƙe ta, yatsunta duka suka sami wurin zama har da ɗan ƙaramin. Ta saita, ta matsa kunama a hankali, ta jira shurin. Sai ta ji an ɗan tura ta kawai, bakin ya ɗaga kaɗan ya dawo inda yake. Nauyin da ake cewa ba na mata ba ne, shi ne ya shanye bugun. Ta harba biyar a yadi bakwai, huɗu suka taru a ƙirjin hoton, tafin hannu zai rufe su. Ta harba sauran biyun ma don ta cika maganarta, amma zuciyarta ta riga ta tsaya.

Mista Purnell ya ce to ai matsalar ɓoyewa ce, wannan ta yi girma, sai dai jaka. Ta ce jaka kam a'a. Jakarta a kan kujera take yini a gidajen mutane, akwai gidan da jikoki ke zuwa, kuma ranar da mutumin nan ya kama ƙofarta jakar tana kujerar baya. A jikinta take so. Ta sa ya ɗauko kube iri uku, irin mai tauri da ke rufe kunama ruf, da bindigar roba ta gwaji. Ta ɗaura a ƙugu ƙarƙashin rigar aikinta mai faɗi, ta sunkuya kamar za ta ɗaure wa tsohuwa takalmi, ta tsuguna, ta miƙa hannu sama kamar mai ɗauko magani a kan kabad. Na farko ya soke ta a ciki, na biyu ya fito fili ta baya. Na uku ya kwanta lif, ko ita da ke kallon madubi ba ta ga komai ba.

Duk wannan Kawu Harlis yana tsaye, fuskarsa na ƙara duhu. Da ya ga ta ce a kawo takardun saye ta cike, sai ya kasa haƙuri. Ya ce wato abin da Innarta ta riƙe shekara goma sha tara ita ta fi ƙarfinsa. Verlie ba ta taɓa ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Shi a ganinsa matarsa ake turewa gefe, ba ƙarfe ba.

Renetta ta san in ta yi shiru yanzu, shirun Inna Verlie za ta gada tare da bindigar. Ta fita zuwa mota ta ɗauko ƙunshin tsumman da kwalin, ta ce ya biyo ta fili. Ta sa Mista Purnell ya maƙala sabuwar takarda a yadi bakwai, ta ajiye libarbar a kan benci, bakinta na kallon gaba, ta jera harsashi biyar kusa da ita.

"Ga ta nan, Kawu, ka gwada."

Ya ce haba, shi da ke kayar da barewa daga nesa tun kafin a haife ta, ba zai tsaya wasa da bindigar mata a gaban mutane ba.

"Ka taɓa harba ta?"

Ya kau da kai gefe.

"Kai ka saya. Biyar kawai, irin na Inna. In ka saka duka a ciki, ni da ita zan shiga jarrabawa Asabar ta ƙarshen wata, in na faɗi in zo shago."

Girman kai ya sa ya ɗauka. A ƙaton hannunsa abar ta kusa ɓacewa, yatsu biyu kawai suka kama ƙota. Ya harba na farko, kafaɗarsa ta zabura, ya kalli bindigar kamar ta zage shi. Ya gyara tsayuwa, ya cije baki, ya harba sauran huɗun a hankali, da dukan iyawarsa ta shekara arba'in. Da ya ajiye ta, wani ɗan ƙarfe na gefenta ya yanke masa gaɓar babban yatsa, jini na bin wuyan hannunsa. Aka jawo takardar. Biyu a ciki, ɗaya a gefe, biyu ko takardar ba su taɓa ba.

Mista Purnell ya ce zai je ya ɗauko filasta, ya tafi bai yi saurin dawowa ba.

Renetta ta buɗe kwalin ta tura masa. Ta ce ranar da ya ba ta, ramuka biyar ne kawai babu harsashi, a cikin hamsin. Ta gaya masa na bayan rumbun taba, da hannun da ya kumbura mako guda, da maganar jaka. Ba ta sassauta ba, ba ta kuma ƙara gishiri ba. Ya tsaya yana kallon kwalin, yana matse yatsansa da gefen riga.

"Ta gaya mini," ya ce daga ƙarshe, can ƙasa. "Na ce za ta saba."

Ba ta lallashe shi ba. Ta koma ciki ta cike takardunta, aka yi binciken da doka ta ce, ta fito da baƙar bindigarta a akwati. Daga ranar kullum in ta tashi aiki sai ta biya filin nan ta yi awa guda, har tsoron nan na rufe ido ya bar ta.

Asabar ta ƙarshen wata mutum tara ne a layi. Renetta ta harba talatin ɗinta ba gaggawa, tana sauke numfashi tsakanin kowanne. Mista Purnell ya ciro takardar ya ƙirga da bayan biro, ya sake ƙirgawa. Ashirin da takwas. Ya sa hannu a takardar shaida, ya miƙa mata ya ce, "Ga shi, Malama Chavis." Ita ma ta lura bai ce 'yan mata ba.

Kawu Harlis na jingine da motarsa, filasta a yatsa. Ta miƙa masa takardar mai ramuka. Ta ce Litinin za ta kai shaidar ofishin gunduma a ɗauki hoton yatsunta, izinin zai ɗauki makonni kafin ya fito, in yana so ya ci gaba da bin ta har lokacin ba ta hana shi ba, amma maganar shago ta mutu. Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon ramukan da suka taru wuri ɗaya, yana shafa su da yatsa.

Sannan ya ce ta shiga, akwai inda za su biya. Maƙabartar bayan coci ya nufa. Ya ce ta jira a mota, ya ɗauki takardar, ya cire hularsa tun daga ƙofa. Renetta na hango shi tsaye a kan kabarin Inna Verlie, ya buɗe takardar da hannu biyu ya juya ta wajen dutsen, kamar yadda yake nuna mata sakamakon makarantar Renetta a da. Bakinsa na motsi, ya daɗe yana magana.

Da ya dawo idonsa jajir, ya tada mota bai kalle ta ba. Sai da suka hau kwalta ya ce, "Shekara goma sha tara ina barci da daɗi, wai na tsare ta."